Fitilar Lamba Uku

Daren Laraba, Filinge

Kwana huɗu shaton wani ƙauyen Kurfai, wato babban tankinsu na bisa, babu ɗigon ruwa, mata sun koma tsohuwar rijiya. Da hantsi na isa, na buɗe akwatin otomat, na'urar da ke tada famfo ta kuma tsayar da shi. Fitilar lamba uku na kunne, wai tanki ya cika. Alhali in ka ƙwanƙwasa shi amo kawai yake yi, babu komai ciki.

Na kira maigidana, Shef Idi, a Yamai. Bai ma bari na gama ba. "Malam Sani, otomat ya mutu. Kai ka haɗa wayoyin nan bara, kai ka ƙona shi. Bar shi, wata mai zuwa mu kawo sabo."

Wata guda mutane ba ruwa? Na cire wayar lamba uku, fitila ta mutu, famfo ya tashi nan take. Ashe na'ura lafiyarta lau, ƙarya ake gaya mata daga sama. Na hau shato cikin tsakar rana, na iske ƙwallon da ke auna ruwa ya maƙale, gishiri ya daskare masa. Na kankare shi da wuƙa, na maida waya. Kafin la'asar ruwa na zuba.

Maigari ya kira shef a gabana don godiya. Da kunnena na ji shi: "Ba komai, Baba, ni na nuna masa inda zai duba."

Maigari ya juyo gare ni ya ce, "Allah shi yi wa maigidanka albarka."

Na ce amin. Amin ɗin nan ce ke ci na har yanzu, don babu wanda ya tilasta mani faɗinta.