Mai Gyara Ya Kwashe Cikin Agogon Baba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne. Tsufa ya kama shi, mantuwa ta yi masa yawa, wani lokaci har sunana sai ya tambaya. Abu ɗaya ne bai manta ba: kullum da safe zai murɗa kan agogonsa, ya kara a kunne ya ji yana tafiya, sannan ya yarda ya karya. Agogon nan ya girme ni, bai taɓa tsayawa ba.

Kwanaki ya suɓuce masa a banɗaki, ya tsaya. Na kai wa wani mai gyara da ke zama da ɗan teburinsa na gilashi a bakin kasuwa. Ya yi ta yawo da hankalina, yau gobe, har ya ba ni yana aiki. Ashe injin ciki ya kwashe, ya sa na batir. Baba na riƙewa ya ji ba nauyi, ya murɗa ya ji wayam, ya ce wannan ba nasa ba ne. Ba a jima ba na batir ɗin ma ya mutu. Da na koma, mutumin ya ce an daina yin kayan irin wannan agogon. Ya zazzage mini gwangwanin tarkace, wai in nemi namu a ciki.

Yayana ya sayo wa Baba sababbin agogo biyu. Ɗaya madaurinsa ya saɓule, ɗaya ruwan wanke hannu kawai ya kashe shi. Komai na yanzu haka yake, Anti.

Abin da ke cin raina, Baba ya ce ni na sayar masa da agogo. Ni da nake masa wanka, nake wanke masa kaya. Ya daina karɓar abinci daga hannuna, duk ya rame. Yayana ya dage a kai mai gyaran ƙara. Ni ban ma san abin da nake so ba.

'Yar autar direba

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya.

Mai gyaran ya yi laifi. Bai kamata ya taɓa injin ba sai ya tambaye ki. Amma ta yiwu gaskiya ya faɗa game da kayan, kuma ƙara ba za ta haɗa abin da ya warwatse ba. Ki karɓo tarkacen, ki nemi dattijon mai gyara wanda ya saba da agogon murɗawa. Ko naku bai tashi ba, yana iya samun tsohon inji mai nauyi irinsa. Ya buɗe a gabanki, kada ki bar masa.

Sai dai ki shirya wa abu mai ɗaci: ko an gyara, Baba na iya cewa ba nasa ba ne. Zargin nan ciwon ne ke magana. Kada ki yi musu da shi, ki ce ana nema. Ƙin cin abinci ya fi agogon gaggawa, ku kai shi asibiti cikin makon nan. Kafin nan yayanki ya bar zancen ƙara, ya zo ya zauna ya ba mahaifinsa abinci da hannunsa, ke ki ɗan huta.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri.