Filastar da Na Manna a Zanen Baba Haggai

Anti Badariyya, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarna a kayan amana.

Ni matar aure ce a unguwar Lewisham, nan ƙasar Turawa. Maigidana likita ne, a asibiti yake yini, ni kuma littattafan soyayya ne abokan hirata. A benen da muke zaune, a flat ɗin da ke ƙasan namu, akwai wani dattijo Kirista ɗan Kagoro, Baba Haggai. Tun da ya yi ritaya ba abin da ya sa a gaba sai sayen tsofaffin zane-zanen Turawa na labaran Baibul, irin waɗanda ake kankarewa a farantin tagulla a buga a takarda. Da yardar maigidana nakan raka shi gwanjo a Bloomsbury saboda ciwon ƙafarsa, ni ce ma mai ɗaga masa katin tayi.

Da za a kwantar da shi asibiti, silin ɗinsa na yoyo, hukumar unguwa ba ta gyara ba, sai ya kawo mini ajiyar zane-zanen a cikin jaka. Akwai wanda ya fi so, ya saye shi ne don tunawa da marigayiyar matarsa: saurayi da budurwa a bakin rijiya, tumaki kewaye da su. Anti, kullum sai na buɗe shi. Na ƙirƙira musu labari, har kalaman da saurayin zai faɗa mata na tsara. Ranar da na karanta rubutun ƙasan da kyau na gane Annabi Yakubu (AS) ake nufi. Ashe Annabi nake yi wa kallon jarumin littafi. Na ɗauko filasta na rufe fuskarsa don hankalina ya kwanta.

Jiya aka ce za a sallami Baba ranar Juma'a. Na ɓare filastar, sai ta taho da fuskar. Har na ɗauki biro in cike wurin, sai na dakata. Idon Baba ya yi rauni, in na yi shiru wataƙila ba zai gane ba. Amma mutumin nan 'yata yake kirana. Ko maigidana ban gaya wa ba. Yaya zan yi?

Mai damuwa, Lewisham

AMSA

'Yata, ajiye biron nan. Filastar kuma kada ki jefar, kada ki yi ƙoƙarin cire abin da ya manne mata. Akwai masu sana'ar gyaran tsofaffin takardu a garin nan, wataƙila su iya mayar da fuskar. Sai dai mai kaya ne zai yanke wannan shawara, ba ke ba.

Ban ga laifinki ba a kan girmama Annabi. Amma da kin rufe jakar kin daina buɗewa, da ya wadatar. Zanen ba naki ba ne, kuma a wurin Baba tunawa ce da matarsa. Raunin idonsa kuwa ba mafita ba ce, shi ne ma zai mayar da kuskurenki ha'inci.

Ki gaya wa maigidanki yau. In Baba ya dawo ya huta, ku sauka tare, ki faɗa masa da bakinki kafin ya buɗe jakar. Kada ki ƙawata labarin irin na littafi, ki faɗi yadda aka yi, ku nemi ɗaukar nauyin gyaran. Zai iya fushi, ya daina neman rakiyarki, kuma yana da haƙƙin hakan. Ki ci gaba da gaishe shi da kai masa abinci, kada ki matsa masa sai ya yafe.

Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Anti Badariyya