Tabon Dutsen Guga

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Tunda kin ce waya na sa miki ciwon kunne, ga takarda na ba direba tare da man zafin da kika ce a sayo.

A cikin ambulan akwai filashi, matar ɗanki ta san inda ake soka shi a bayan talabijin. Finafinan ban tsoro ne guda uku. Na san za ki ce a'uzubillahi. Ki faɗa, sannan ki kalla. Wata biyu likita ya ce ki zauna, ai mutum ba zai ƙare da kallon silin ba.

Ba ni kaɗai na zaɓa ba. Duk Lahadi bayan azahar nakan rufe shagon kitso, mu taru mu bakwai, mu ja labule mu kalla, sannan mu yi ta musu har wuya ya bushe. Dokarmu ɗaya ce. Fim mai kyau shi ne wanda bayan an kashe talabijin za ki ji ba kya son shiga banɗaki ke kaɗai. Na banza kuwa shi ne wanda aljanin zai fito tun minti biyar da farawa, har ki hango zif a bayan rigarsa.

Na farko labarin wani tela ne da kekensa ke ɗinka likkafani da kansa, daidai tsawon duk wanda ya shigo shagon. Ba laifi, sai dai ƙarshensa ya yi sanyi. Na biyu shirme ne tsantsa, gawa ce ke tashi a ɗakin ajiyar gawa na asibiti, na sa miki shi ne don ki yi dariya. Na ukun ki ajiye shi ƙarshe. Wannan kam dukanmu bakwai mun sallama masa, har da mai musun tsiya.

Ki rubuto min ra'ayinki, kada ki ce min "Allah ya shirye ki" kawai.

Taki,
Auta

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Man zafi ya iso, Allah ya saka da alheri. Ƙafa da sauƙi. Nas tana zuwa duk bayan kwana biyu ta wanke ciwon ta sake bandeji. 'Yar marigayiya Malama ce, maƙwabciyarmu da ke koyarwa a firamare, in kin tuna ta. Yarinya mai hannu mai sanyi.

To, Allah ya shirye ki. Na faɗa. Yanzu ga sauran.

Mun kalli biyu da hantsi ni da surukata. Na telan ban ji tsoro ba, tausayin yadin da aka ɓata na ji. Kuma wa ya gaya musu ana yi wa likkafani kalmasa da aljihu?

Na biyun ne ya ɓata min rai. Ba jinin ba ne, Auta, wannan kowa ya gani ya san jan fenti ne. Shekara ashirin da shida ina wanke matan unguwar nan idan sun rasu, ban taɓa ganin gawa ta yi kore kamar ganye ba, ban taɓa jin ta yi gurnani ba. Mamaci shi ne mafi kunya a cikin bayin Allah. Ko yatsa ba ya iya ɗagawa ya ja zane ya rufe kansa, sai abin da kika yi masa. Su kuwa sun shimfiɗe baiwar Allah a kan teburin ƙarfe ba ko ƙyalle, wani ƙato ya ɗauko tiyo yana fesa mata ruwa kamar mai wankin mota. Ta hagu ma ya fara. Bai ɗaure mata haɓa ba, ya bar baki a wangale don kawai a samu abin nunawa. Da ta tashi ta shaƙe shi, wallahi ban ga laifinta ba.

Surukata tana ta ihu tana ɓuya a bayan matashi, ni kuwa ina ta cewa a raina, "Ku rufe ta mana." Ki yi haƙuri, ban san inda daɗin yake ba. Ƙila don ku ba ku taɓa ɗaga hannun mamaciya kun ji nauyinsa ba ne.

Na ukun sai zuciyata ta kwanta. Tunda na karɓa zan kalla, kada in yanke hukunci a kan abin da ban gani ba.

Ki gaida kowa. Allah ya sa mu cika da imani.

Yayarki

*

Yaya ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Wallahi kin kashe mu! Na karanta musu takardarki ranar Lahadi, da na zo wajen mai wankin mota har wata ta faɗo daga kan kujera. Sun ce a gaya miki kin zama shugabar ƙungiya, ko kin ƙi ko kin so.

Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne Farfesa. Ba farfesan gaske ba ne, a kantin magani yake aiki, mu muka laƙaba masa don iyayi. Shi ya rubuta labarin fim na ukun, abokansa suka ɗauka. Kullum maganarsa ita ce irin taki: masu fim ba su san gawa ba, shi ya sa ba sa tsorata kowa. Ya ce tsoro na gaske a ƙaramin abu yake, abin da ba wanda zai iya ƙirƙira sai wanda ya gani. Ni ma na ɗan sa masa hannu da 'yan shawarwari, har sunana ya fito a ƙarshe cikin waɗanda aka gode wa. Ki duba da kyau, rubutun ƙanana ne.

Ki kalla don Allah. A wannan ba tiyo, ba gurnani. Da dama aka fara, har ganyen magarya da kafur an sa. Za ki yi alfahari da ni.

Autarki

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Auta,

Assalamu alaiki. Ina fata kina lafiya.

Na kalla. Na sa surukata ta tsayar da shi a tsakiya, na aike ta kicin, na ƙarasa ni kaɗai.

Mamaciyar cikin fim ɗin malamar firamare ce. Alli a ƙarƙashin farcenta wanda sai da mai wanka ta sa tsinke ta fitar. Miji a bakin ƙofa yana kuka, ya kawo turare mafi tsada ya ce a sa wa matarsa. Sannan aka juya ta, ga tabon dutsen guga guda uku a gadon bayanta, har da ƙananan ramukan da ke gindin dutsen sun fito a fata. Auta, wannan ba Farfesanku ya ƙirƙira ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na wanke Malama. Ranar, da na juya ta na ga abin da na gani, sai na yi sauri na ja zane, har matar da ke zuba min ruwa ba ta lura ba. Malaminmu na allo, Allah ya ji ƙansa, ya sha gaya mana cewa idon mai wanka kabari ne na farko, abin da ya shiga ba ya fita. Na riƙe wannan a kan mata sama da ɗari. Sau ɗaya tak na kasa. Kin zo min kwana biyu a makon, kika same ni a kicin ina yanka albasa ina kukan da ba na albasa ba, kika matsa, na faɗa miki. Na ce ki rufe. Kin ce har abada.

Ba ke na fi jin ƙyama ba, ni ce. Ke an ba ki ajiya kin yi wasa da ita. Ni kuwa na ɗauki abin da ba nawa ba na bayar.

Amma ki dubi abin da kuka yi da ita. Matar da ta yi shekaru tana tsayawa gaban allo da riga mai kauri ko ana zafi, ba ta taɓa kai ƙara gidan kowa ba, ita kuka mayar dodo. Kun sa ta yawo a baranda da dutsen guga a hannu yana huci, tana ƙona yara da maƙwabta. Mijin kuwa kun ba shi hawaye da kiɗa mai taushi. Wannan ne ku bakwai kuka zauna kuka ce ya fi kowane daɗi? Da me kuke kallonsa, da gyaɗa a hannu?

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Jiya Nas ta zo wankin ciwo, ta hango filashin a jikin talabijin. Ashe ita ma irinku ce. Ta ce, "Kai, Mama, ashe ke ma 'yar hannu ce! Wanne ne a ciki? Ki ara min mana, na gaji da na waje, duk ƙarya ce." Na ce mata ban gama ba tukuna. Ta ce to jibi.

Tana da shekara goma sha biyar uwarta ta rasu. Uban yana nan, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke ba shi abinci a baki kafin ta fita aiki. Idan ta ga allin nan da turaren nan, ai ba sai an faɗa mata suna ba. Za ta san uwarta ce, za ta san abin da ubanta ya yi, a talabijin, da kiɗa.

Ki je wurin mutumin nan ki roƙe shi ya janye fim ɗin. In durƙusawa ce ki durƙusa. Ki ba direba amsa gobe, kada ki jira Lahadi.

Allah ya yafe mana.

Yayarki

*

Yaya,

Salam.

Na rantse da Allah ban faɗi suna ba, ban faɗi unguwa ba. Musu ake yi ranar, wani ya ce babu abin tsoro a wankan gawa, ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce ku tsaya ku ji. Shekara goma ta wuce, Yaya, na ɗauka maganar ta tsufa. Da Farfesa ya ce zai rubuta, daɗi ma na ji. Ban taɓa kawo yarinyar a raina ba. Wallahi na manta ma Malama ta bar 'ya.

Na je kantin da safe. Ya ce ko ya so ba zai iya ba, fim ɗin ya fi wata huɗu a wayoyin mutane, kowa na tura wa kowa. Har yana ce min wai ai wannan shi ne shaidar fim ya yi kyau, tunda ya taɓa mai wanka ta gaske. Na ce masa Allah ya isa a gaban masu sayen magani, na fito.

Ga shawarata, ki saurare ni ko sau ɗaya. Na san halin 'yan kallo, ba abin da ke kashe mana sha'awa kamar a ce fim ba tsoro. Ki goge na ukun ki ba ta sauran biyun. In ta tambaya ki ce na banza ne, surutu ya yi yawa, aljanar ba ta fitowa sai ƙarshe, barci ma kika yi. Ba za ta neme shi ba. Wannan ba ƙarya ba ce mai zunubi, rufin asiri ne, aikinki ne ma.

Kada ki ce za ki faɗa mata gaskiya. Na san ki. In maganar ta fita, wace mace ce a unguwar za ta yarda ki taɓa uwarta?

Ki yafe min don darajar iyayenmu.

Auta

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Auta,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso.

Ban samu damar yin ƙaryar ba, ban kuma san ko da zan iya ba. Nas ta zo da safe, ta ajiye jakarta, tana kwance bandeji ta ce, "Mama, bar filashin nan. Surukarki ta gaya min abin da ke ciki. Na malamar nan ne ko? Na kalle shi tun watan jiya a wayar wata a wurin aiki."



Ta ce, "Fim ɗin banza ne. Ba su san komai ba. Ba uku ba ne, biyar ne. Biyu a cinya suke, inda kuke rufewa da zane ba ku dubawa. Ni nake shafa mata magani tun ina 'yar shekara tara."

Ta ci gaba da goge ciwon da auduga, a hankali kamar kullum. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Wata guda ina tunanin wa ya gani bayan ni. Mutum ɗaya ce ta juya ta."

Na ce, "Ni ce, 'yata. Sau ɗaya na faɗa, ga mutum ɗaya. Ba ni da uzuri."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗa sabon bandeji, ta sa yatsa ta gwada ko ya matse, ta tattara kayanta. A bakin ƙofa ta ce, "Mama, ranar da tawa ta zo, a kira wata."

Na ce, "Za a kira wata."

Na yafe miki, Auta, na wurina ke nan, kuma shi ne ƙarami. Jibi za ta dawo, don aikinta ne kuma ba ta fashi. Ban san da wace fuska zan miƙa mata ƙafar ba.

Wassalam.

Yayarki