Kwalbar Anti Nilu

International City, Dubai

Zuwa ga Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙane ga yayarsa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwar nan tata. Mu nan sai godiya. Aikin lodin kaya a sitonmu na Al Warsan yana tafiya, zafi ne dai ba a magana.

Yaya, na samu saƙonki cewa in sako matata Kamila a jirgi zuwa gida tun yanzu, kada a jira lokacin goyon ciki. Ban ga laifinki ba, ni ma laulayin nan ya tsorata ni. Ta rame har zobe yana zame mata, ko ƙanshin shinkafa ta ji sai amai, likita kuma ta ce in nauyinta bai ƙaru ba kwantar da ita za a yi. Amma kafin ki yanke hukunci ki ji abin da ya faru, don har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Akwai wata dattijuwa 'yar Sri Lanka da ƙofarta ke kallon tamu, Kamila na ce mata Anti Nilu. Da ta ga halin da ake ciki, sai ta kawo wata 'yar kwalba, ta ce a ƙasarsu da wannan ake lallaɓa marar lafiya. Abin baƙi ne wuluk, mai danƙo kamar maɗi. An ce daga yis ake yin sa, irin abin da ke kumbura burodi, Turawa kuma suna shafawa a burodi da safe. Kin san ƙanenki da karambani. Na ɗauka cakulan ne, na cika cokali na kai baki. Yaya, kamar an narkar da dunƙulen magi goma a bisa harshena, ga ɗaci ga wani wari da ban san sunansa ba. Sai da na wanke baki har da sabulu. Na kai wurin aiki don in ga ko ni ne bagidaje, nan kuwa aka rabu biyu. Mubashir ya lasa ya ce khalas, wato shi ke nan, ko kyauta ba ya so, Sharfuddeen kuwa ya lashe yatsa ya nemi ƙari. Ban ga mutum ɗaya da ya tsaya a tsakiya ba, kuma abin nan yana ɗaure min kai.

Na ce da Kamila mu jefar kawai. Ta yi min wani kallo, ta ce ita ba a haka aka rene ta ba. Maƙwabciya ta aiko da abu, sai a cinye, a wanke mazubin, a sa wani abu a ciki a mayar, ba a mayar da kwano haka nan. Na yi ta yi mata bayani cewa wannan kwalbar kanti ce, babu mai jiran ta dawo, amma ina, ta kafe. Kullum in suka haɗu a bakin ƙofa sai kunya ta kama ta, gani take matar tana lissafin kwalbarta. Don haka ta ɗaura ɗamarar ƙarar da abin. Ta tambayi yadda ake ci, Anti Nilu ta ce shwaiya shwaiya, wato a shafa kaɗan-kaɗan a gasasshen burodi. Da farko tana ci tana yatsina fuska, ni ina gefe da roba ina jiran amai. Shiru, bai zo ba. Washegari ma haka. Daga baya ta fara narka shi a ruwan zafi tana kurɓa, har ta kai ga jefa shi a miyar kuka, wai yana tuna mata da daddawar gida. Na ci miyar don kada in karya mata gwiwa, Allah dai ya ba ni lada.

Da kwalbar ta ƙare, ta wanke ta fes, ta cika ta da sauran daddawar da kika aiko mana, ta kai. Ina leƙe ta bayan ƙofa. Anti Nilu ta buɗe, ta sunsuna, idonta ya kawo ruwa, amma ta daure ta yi godiya da hannu biyu. Da aka fahimtar da ita dalilin dawowar kwalbar, ta yi dariya har da zama a ƙasa, sannan ta ce to ita ma sai ta cinye ta dawo da ita. Yanzu haka tana can tana fama. Na rasa gane yadda abin da ke tayar wa wani zuciya yake zama maganin wani, ko sabo ne, ko kuwa harshe ma da irin rabonsa.

An auna Kamila a makon nan, likita ta ce an fara samun ƙari, batun kwanciya a ajiye shi tukuna. Amma ba wannan ne ya kwantar min da hankali ba. Shekaranjiya bayan la'asar na dawo daga aiki, ko takalmi ban cire ba ta ce min, "Halliru, yunwa nake ji." Rabona da jin wannan kalma daga bakinta tun kafin azumi. Na shiga kicin kamar zan ɗora tukunya, na tsaya ina share hawaye.

Don haka ina roƙonki, Yaya, ki lallashi Inna da iyayen Kamila a bar min ita zuwa wata na bakwai, ni da kaina zan kawo ta. Ina so in ga ta cika ta dawo yadda take a gabana, tunda a gabana ta rame.

Ki gaishe min da Inna da kyau, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ina gaida Malam, da Ummulkhair, da Kawu Sanda da iyalinsa. Kamila tana gaishe ku, bakinta cike da burodi.

Naki ƙane,
Halliru