Yadda Iya Ta Koya wa Alƙali Haƙuri

Gumel, 12 ga Shawwal, 1340

Zuwa ga yayana Malam Manu a Yarwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan kowa lafiya, sai Kawu Ilu da ciwon ƙafa ya matsa masa, amma bakinsa ƙalau.

Ka san halin Baba. Shekara ashirin da shida yana alƙalanci, bai taɓa yanke hukunci cikin fushi ba, domin littafi ya hana. Da ransa ya ɓaci sai ya naɗe buzu, ya ce a dawo gobe. To, wani Ɗantsoho, dillalin shanu daga Maigatari, ya gano haka. Ya ƙwace gonar A'i, wata mai marayu uku a Gagarawa, shaidu kuma sun tabbatar tata ce. Sai ya mai da tsokanar Baba sana'a. Yau ya shigo zaure da takalmi, gobe ya yi ta hamma ana ba da shaida. Ran nan har ya tambayi Baba ko alƙalin bai fito ba tukuna. Zama shida, ɗagewa shida. Ga hadari ya fara haɗuwa, in ruwa ya sauka ba a yanke ba, A'i ta rasa shukar bana.

Baba ya shigo gida ya ce yana neman wanda zai riƙa ɓata masa rai har ya saba. Duk muka sunkuyar da kai. Iya kuwa ta ajiye mazarinta, ta gyara zama. Ashe shekara arba'in tana tara magana. Kwana uku ta yi a kansa: munsharinsa, da rowar goronsa, da zanen da ya yi mata alkawari tun kafin zuwan Nasara. Ni ina ɗaki da littafi a buɗe, amma kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Ranar Alhamis Ɗantsoho ya zazzage duk abin da ya tanada. Baba ya saurara yana murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan ai gaisuwa ce." Ya mayar wa A'i gonarta. Asabar aka yi ruwa, Lahadi ta yi shuka.

Shari'a ta ƙare, amma Iya ba ta daina ba. Ta ce ba a san irin mai ƙarar da zai zo gobe ba. Yanzu Baba kan riga masu ƙara isa zaure.

Ka gaishe mini da Murja da Kyauta da Rahamatu. Baba ya ce ka aiko da zane mai kyau, kada ka jira ayari na biyu.

Ƙanwarka,
Lauratu