Hannuna na aiki, zuciyata ta tsaya

Goggo Nafisatu, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin ban san wanda zan faɗa wa wannan magana ya fahimce ni ba. Sunayen da zan ambata na sauya su.

Ni matar aure ce a Yelwa, cikin garin Mubi. Mijina Ezekiya kafinta ne. 'Ya'yanmu uku, amma biyu ne a gabana: Zira mai shekara shida, da Lidiya mai shekara biyu. Babbarsu Ƙauna tana da shekara bakwai ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, shekara uku ke nan ba kaɗan. Da safen nan na raka ta makaranta, na goya Zira na wuce kasuwa sayen sabulu da gishiri. Ina tsaye gaban mai sabulu aka fara harbi. Na nufi makarantar da gudu, jama'a suka yi ta turo ni baya, har na tsinci kaina a hanyar duwatsu tare da mutanen da ban sani ba. Kwana uku muna tafiya kafin mu shiga Kamaru. Ezekiya ya same mu bayan wata guda. Ƙauna kuwa har yau babu labari. Wani ya ce ya gan ta a bayan wata mota, wata ta ce a Yola, mun bi duka, ba ita ba ce.

Da muka dawo mun tarar an kwashe komai, har ƙofar ɗaki. Sai na koma ga abin da kakata ta koya mini a ƙauyenmu can wajen Muchalla. Na tace ruwan toka na haɗa sabulu da man kaɗe. Na saƙa tabarma da faifai. Na shuka kuɓewa da yakuwa da zogale a bayan gida, ina busarwa ina ajiyewa. Ina yin daddawa, ina matse man gyaɗa, ina ɗinka wa yara riguna da hannu daga tsofaffin zannuwana. Da farko dole ce ta sa. Yanzu aikin Ezekiya ya farfaɗo, dolen ta wuce, amma ni ban daina ba. Tun ranar nan ban sake taka kasuwa ba. Abin da ba zan iya yi da hannuna ba, shi yake sayowa, ko mu haƙura.

Mutane suna yabona. Maƙwabciyata Hansai takan turo 'ya'yanta mata su ga yadda nake aiki, zumuntar mata ta cocinmu ma sun nemi in koya musu sabulu. Suna cewa na yi ƙarfin hali. Goggo, ba ƙarfin hali ba ne. Ba na jin komai ne kawai. Ba na kuka, ba na dariya, abinci ma ɗanɗanonsa ɗaya ne a bakina. Idan hannuna yana motsi, kaina yakan yi shiru, shi ya sa ba na barin sa ya huta. Na saƙa faifai sun fi arba'in, ga su nan jibge, ba na sayarwa, ba na kyauta.

Ina zama da yaran kullum, muna yin motar kara da 'yar tsana ta tsumma, ina koya wa Zira ƙirga da 'ya'yan tsamiya. Wanda ya leƙo zai ce babu uwa kamata. Amma kwanakin baya Lidiya ta faɗi a kan turmi, goshinta ya fashe. Na wanke, na ɗaure, na mayar da ita kan tabarma, na ci gaba da saƙa, gabana bai ko faɗi ba. Zira ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mama, fushi kike yi da mu?" Na ce a'a.

Ga abin da ya sa na rubuto. Zira ya isa shiga makaranta tun bara, na hana. Ya ɗauki wani guntun buhu ya ɗinka jaka da kansa, kullum da safe yakan rataya ta ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yara suna wucewa. Ezekiya ya yi lallashi ya gaji. Yanzu ya ce idan aka dawo daga hutu a watan tara, ko dai in yarda a sa yaron, ko ya kai shi wurin Margret, yayar shi Ezekiya, a Yola ya yi karatu can. Da ya faɗa, ko gardama ban yi ba, na ci gaba da tsince gyaɗa. Ya ce shirun nan nawa ya fi zagi ciwo.

Na san yaro yana bukatar karatu. Amma ni da hannuna na kai ɗaya, ban dawo da ita ba. Shin laifi ne in riƙe su a inda idona yake ganinsu? Kuma uwar da ba ta jin komai, tana da sauran amfani ga 'ya'yanta, ko gara in bari a kai shi wurin wadda za ta yi masa dariya?

Taki,
Mai saƙa daga Yelwa

*

'Yata mai saƙa, na karanta wasiƙarki sau biyu kafin in ɗauki alƙalami. Allah ya bayyana Ƙauna, ya sanyaya muku zuciya.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe. Uwar da ba ta damu ba, ba za ta zauna ta rubuto wannan wasiƙa ba. Abin da kike kira rashin jin komai ciwo ne sananne ga waɗanda suka ga irin abin da kika gani: zuciya takan rufe kanta idan nauyi ya fi ƙarfinta. Ba mugun hali ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, yana da magani. Ki je asibiti ki nemi masu kula da waɗanda rikicin nan ya taɓa, ki faɗa musu daidai yadda kika faɗa mini. Idan bakinki zai yi nauyi, ki miƙa musu wannan shafi su karanta. Ki tafi da Hansai ko matar fastonku, kada ki je ke kaɗai.

Sa'annan ki ji wannan da kyau: kai yarinya makaranta ba laifi ba ne. Kin yi abin da kowace uwa ta gari ta yi da safen nan. Alhakin yana kan waɗanda suka shigo da bindiga. Idan ba ku riga kun ba da sunanta da kamanninta ga masu neman waɗanda suka ɓace ba, irin su Red Cross, ku yi haka, idan kuma kun bayar, ku koma ku sabunta.

Aikin hannunki ba zan ce ki bari ba. Shi ya tufatar da yaranki ya ciyar da su a lokacin da ba ku da ko ƙofa, kuma abin da Zira ya koya a gefenki babu ajin da zai ba shi. Sai dai abin da ya fara a matsayin mafaka yana neman zama kurkuku, ke da yaran duka kuna ciki. Yaron da ya ɗinka wa kansa jakar makaranta ya riga ya faɗi abin da yake so.

Mijinki yana da gaskiya a kan karatu, kuma ki tuna shi ma 'ya ya rasa, ga shi yana ganin matarsa tana nisa da shi alhali suna gida ɗaya. Amma ban goyi bayan a kai Zira Yola ba. Raba ki da ɗa na biyu ba zai warkar da ke ba, yaron kuma zai ɗauka korarsa aka yi. Malam Ezekiya, idan kana karantawa, ka janye wannan sharaɗi, ka zauna kusa da ita ko da ba za ta ce komai ba.

Ga abin da nake ganin zai yiwu. Ku zaɓi makarantar da ta fi kusa da gida. Ku je tare ku ga shugabanta, ku gaya masa labarinku, ba ku kaɗai ba ne a Mubi. Satin farko ki goya Lidiya, ki ɗauki kabar da kike saƙa da ita, ki zauna a inuwa kusa da makarantar har a tashi. Sati na biyu ki raka shi ki dawo. Za ki ji tsoro, wataƙila har ki yi kuka a hanya. Idan hakan ta faru kada ki firgita, alama ce ta cewa abin ya fara saki.

Matan zumunta kuwa, ki ce biyu su zo gidanki ranar Asabar, biyu kawai. Kasuwa ba gaggawa, lokacinta zai zo. Zira kuma yana jiran amsar da ta fi "a'a" tsawo. Ki zaunar da shi ki ce masa ba fushi kike yi ba, kewar yayarsa ce ta sa ki shiru, kuma ba laifinsa ba ne. Yaro mai shekara shida zai iya ɗaukar wannan fiye da yadda zai iya ɗaukar zato.

Ba na yi miki alkawarin za ki farka gobe ki ga komai ya dawo yadda yake. Amma na ga mata da yawa da suka bi wannan hanya a hankali, har wata rana suka ji miya ta yi gishiri a bakinsu. Allah ya kai ki wannan rana, ya raya Zira da Lidiya, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Goggo Nafisatu