Jar Akuyarki Tana Nan, Yaya

Zuwa ga yayata Kande, a duk inda wannan takarda ta same ki.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ce ƙanwarki Abu, daga ƙauyenmu na gefen Ɗanzomo. Tun da kuka tashi a shekarar babban fari, ba wanda ya kawo mini tabbacin inda kuka sauka. Wani ya ce Kurmi, wani ya ce ya ga mai kama da mijinki a tashar Kano. Shi ya sa na ba da wannan a buga a jarida, ko Allah zai sa wani ya karanta miki. Sauran masu karatu su yi mini haƙuri, zancen akuya ne.

Kin tuna jar akuyar da kika jawo har ƙofar ɗakina ranar tafiyarku? Ƙashi da fata ce a lokacin. Kika ɗaure ta a turkena kika ce, "Kiwo na ba ki, Abu, ba kyauta ba." Ko kukan kirki ba ki tsaya mun yi ba, motar Gumel na jira. To, ta rayu. Da 'ya'yan gawo da dusar da nake ragewa daga tawa tukunyar ta rayu.

Maigidana Malam ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. 'Yata Ladi tana gidan miji a Gagarawa. Gidan ya zama daga ni sai awaki biyu: taki, da tawa mai suna Baƙa, wadda na gada daga Inna. Baƙa nake tatsa, ita nake yi wa hira in ina shara.

Yaya, kura ta dawo. Mu da muka taso a tatsuniya kawai muka san ta, don Baba yakan ce maharba sun ƙarar da su tun zamanin Turawa. Fari ne ya dawo da su. Kin ga yadda mushen shanu ya cika hanyar Maigatari kafin ku tafi. Kurayen suka gangaro daga arewa, suka ci, suka ƙoshi, suka hayayyafa. Da ruwa ya dawo mushe ya ƙare, sai suka juyo kan ɗan abin da ya rage mana.

Gari ya rabu biyu. Samari suka ce a sa guba. Ma'aikacin gandun daji ya zo a kan kekensa ya hana, wai guba ba ta zaɓe, za ta kashe karnuka da angulu, kuma kurar ma tana da aikinta a daji. Ya ce a ɗaga shingen ƙaya, a riƙe karnuka. Ban ƙi maganarsa ba. Masu 'ya'ya maza suka sari ƙaya suka kewaye garkensu, aka kuma ga amfanin hakan. Ni wa zai saro mini? Dama an ce kura ta san gidan mai babbar sanda, ta kuma san gidan da babu ko ta kara.

Bana ne akuyarki ta yi haihuwar fari, ɗa namiji, ja kamar uwarsa. Ina ta murna zan ce miki dukiyarki ta ƙaru. Wata safiya na fito na tarar dangata a ɓarke, babu shi. Uwar ta dinga kuka har muryarta ta dushe, ni ma na taya ta.

Wannan kukan ne ya jawo mini magana. Da aka hana guba, maza suka haƙa rami a bayan gari suka rufe shi da zana da ƙasa. Irin wannan tarko sai da akuya mai kuka a ɗaure a bayansa, don muryarta ce ke kiran kura. Ba wanda ya yarda ya ba da tasa. Sai mai unguwa ya aiko mini, wai ga wadda take kuka ba a sa ta ba, kuma mai ita ba ta gari, wa ya sani ma ko tana da rai.

Wannan ta ƙarshe ce ta ƙona mini rai. Na yafa mayafi na je da kaina. Na ce masa yayata tana da rai har sai na ga wanda ya yi mata salla, kuma ba a yi wa gari sadaka da amanar wani. In dole sai daga gidana, ga Baƙa.

Sun rantse mini ba abin da zai taɓa ta, sun yi mata ɗan keji da itace. Da gari ya waye aka je, rami na nan a rufe yadda aka bar shi. Kurar ta zagaya ta baya, ta tone ƙarƙashin kejin. Igiya kawai aka dawo mini da ita.

Ba don ki ji nauyi na faɗa miki ba. In aka sake, haka zan sake yi. Tun ranar dai akuyarki a ɗakina take kwana, a gindin gado. Matan unguwa suna yi mini dariya wai na yi sabon aure. Su yi ta yi. Ta cinye mini gefen tabarma, halinta irin naki ne, ba ta jin bari.

Ina kewarki, Yaya. Kullum ina roƙon Allah ki zo ki karɓi abinki tun kura ba ta riga ki ba. Amma in faɗa miki gaskiya, ranar da kika kwance ta kika tafi da ita, ban san wanda zan yi wa ina kwana ba a gidan nan. Don haka in za ki zo, kada ki zo ɗauka. Ki zo zama.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya jiƙan Inna da Baba da Malam, ya nisanta kura da garkenmu, ya sa mu gana ido da ido kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Abu.